Kada Harafi Ya Ruɗe Ku: Wasula da Baƙaƙen Turanci

 Wannan makon da tambaya za mu fara, irin wadda za ku tarar a jarrabawar Turanci ta WAEC ko NECO, a sashen da ke gwada furuci. An ba ku kalmar "seat", an ja layi ƙarƙashin "ea", aka ce ku zaɓi kalmar da ke da irin wannan sauti a cikin waɗannan huɗu: "great", "head", "key", "sit". Ku ɗan dakata ku zaɓa kafin ku ci gaba da karatu.

In kun zaɓi "great" ko "head", ba ku kaɗai ba ne. Mu ma da muna aji shida wannan ramin muka faɗa a jarrabawar gwaji, domin mun ga "ea" can, mun ga "ea" nan, sai muka ce ai 'yan gida ɗaya ne. Amsar ita ce "key", wadda ko harafin "a" ba ta da shi. Ido ne ya yaudare mu, alhali aikin na kunne ne. Kuma ba ƙaramar asara ba ce, don kun san ba a samun gurbin jami'a sai da kiredit a Turanci, maki kaɗan kuma na iya raba ɗalibi da shi.

Me ya sa mu Hausawa muke yawan faɗawa wannan tarko? Saboda rubutun boko na Hausa yana bin furuci sau da ƙafa. Ko ina muka ga "k" a Hausa, "k" za mu furta. Turanci ba haka yake ba. Haruffansa 26 ne, amma a irin Turancin Ingila da ake koyarwa a makarantunmu sautukansa 44 ne: wasula 20, baƙaƙe 24. Dalili kuwa na tarihi ne. Bayan William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila a 1476, rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya, amma bakin mutane ya ci gaba da sauyawa. A da ana furta "k" ɗin da ke cikin "knife" da "knee". Yau an daina, harafin ne kawai ya rage a takarda.

Bari mu fara da wasula. Daga cikin 20 ɗin nan, 12 tilo ne, 8 kuma tagwaye. A nan muna da jari, sai dai da yawa ba mu san muna da shi ba. Ku faɗi "gari" da ake zama a ciki, ku faɗi "gari" na tuwo. Ku faɗi "duka" mai nufin gaba ɗaya, ku faɗi "duka" na bulala. Rubutu ɗaya, amma wasalin farko gajere ne a ɗaya, dogo a ɗayan, kuma ko yaro ba ya haɗa su. Wannan kunnen za ku ɗauka ku kai wa "sit" da "seat", "ship" da "sheep", "live" da "leave", "full" da "fool". Na farko a kowane biyu gajere ne kuma baki a sake yake, na biyu dogo ne. Tagwan wasali ma ba baƙonmu ba ne: sautin da ke cikin "kai" ya yi kusa da na "time", wanda ke cikin "yau" kuma ya yi kusa da na "house".

Akwai wasali ɗaya da ba mu da shi, kuma shi ya fi kowane yawan fitowa a maganar Turanci. Ana rubuta shi /ə/. Ɗan sauti ne mai rauni, wanda ke zuwa a gaɓar da ba a ƙarfafa ba, kamar farkon "about" da ƙarshen "teacher" da "doctor". Kun ga a nan haruffa daban-daban ne, "a" da "er" da "or", amma sauti ɗaya.

Sai baƙaƙe. Wurare huɗu ne suka fi ba mu wahala.

Na farko, "p" da "f". Namu "f" da leɓɓa biyu muke yin sa, shi ya sa "pan" da "fan" ke cakuɗe mana. A Turanci "f" haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, iska na fita a hankali. "P" kuwa leɓɓa ake rufewa gam, sannan a sake su farat ɗaya. Ku riƙe 'yar takarda a gaban baki ku ce "pan". In ta yi tsalle, kun yi daidai.

Na biyu, "v" da "b". In ba a kula ba, "vote" sai ta koma "boat", ƙuri'a ta zama jirgin ruwa. "V" ɗan uwan "f" ne, wuri ɗaya ake yin su, sai dai shi mai ziza ne. Ku ɗora yatsa a maƙogwaro ku ja "ffff", sannan ku ja "vvvv". A na biyu za ku ji wurin yana rawa.

Na uku, "th". Sautuka biyu ne a riga ɗaya: /θ/ na "think" da /ð/ na "then". Mu kan mayar da su "s" da "z", sai "think" ta zama "sink", tunani ya koma nutsewa. Maganin shi ne a sa tsinin harshe tsakanin haƙora a busa iska. Ku gwada a gaban madubi. In ba ku ga harshenku ba, da sauran aiki.

Na huɗu, cunkoson baƙaƙe. Hausa ba ta son baƙaƙe su taru a farkon kalma, sai ta raba su da wasali. Haka "bread" ya zama burodi, "primary" ta zama firamare. A Hausa wannan daidai ne, kalmominmu ne yanzu. Amma in Turanci ake yi, "school" gaɓa ɗaya ce, ba "sukul" ba.

Ku kuma yi hattara da haruffan da ke sauya murya. "Ch" na "church" daban, na "chemist" "k" ne, na "machine" kuma "sh" ne. "Ed" na "walked" "t" ake ji, na "begged" "d". "B" na "comb" da "debt", "t" na "listen", da "h" na "honest" duk ba a furta su.

Kada wani ya sa ku ji kunyar bakinku. Bature ma sai ya sha fama kafin ya raba "kafa" da "ƙafa", ko "dauri" da "ɗauri". Kowane harshe da sautukansa, kuma koyo ake yi. Abin da muke nema shi ne a fahimce mu in mun yi magana, mu kuma ci jarrabawa.

Ga aikin mako. Ku samu ƙamus mai nuna alamomin furuci tsakanin layuka biyu a gaban kowace kalma. Kullum ku ɗauki kalmomi biyar, ku duba alamomin, ku furta su da ƙarfi. Sannan ku zauna da aboki, ɗaya ya faɗi "pull" ko "full" ko "fool", ɗayan ya rubuta abin da ya ji ba tare da ya kalli bakinsa ba. 'Yan aji huɗu da biyar, kada ku ce da sauran lokaci. Tun ran gini ran zane.

Ga kuma tambayar da za ku kwana da ita: a cikin "blood", "food", "good" da "door", wacce ce ke da wasali irin na "cup"? Ku rufe ido ku furta su kafin ku amsa. Za mu kawo amsa mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.