JIRGIN SHAƘATAWA YANA DA MAI GYARA, JIRGIN FITO FA?

A ƙasashen Turai akwai kamfanonin da ba su da wata sana'a sai hidimar jiragen ruwan shaƙatawa na attajirai. Aikinsu uku ne: gyara, dillanci da haya. Su duba inji da cikin jirgi a kan lokaci, su haɗa mai saye da mai sayarwa, su samo wanda zai ɗauki haya na mako guda. Kafin jirgi ya bar gaɓa an san mutum nawa zai ɗauka, kuma kowa da rigar da za ta hana shi nutsewa.

Kada wani ya ce ina ruwan talakan Sakkwato da wannan. Akwai ruwansa, har da tsaki. Wani ɗan kasuwar man fetur na Nijeriya, Kola Aluko, ya mallaki irin wannan jirgi mai suna Galactica Star, na kimanin dala miliyan 80. A 2017 gwamnatin Amurka ta shiga kotu tana neman ƙwace shi, bisa zargin cewa da kuɗin kwangilolin mai da aka samu ta hanyar cin hanci aka saye shi. A watan Janairun 2025 aka sa hannu kan maido wa Nijeriya dala miliyan 52.88 daga wannan dukiya.

To, a dawo gida. A shekarar 2025, ranar Lahadi 17 ga Agusta, wani jirgin fito ya taso daga Kojiyo da mutane fiye da 50 za su ci kasuwar Goronyo, ya kife da su. Kafin wannan, a watan Afrilun 2022, mutane 29 suka halaka a ruwan Shagari, akasarinsu yara da matasa. Allah Ya jiƙan su. Kowane karo maganar ɗaya ce: lodi fiye da ƙima, babu rigar kariya. Mahukunta su zo jaje, a ɗauki hoto, a watse, sai kuma wata damina.

Wai shin ran manomin albasa na Wurno bai kai darajar fentin jirgin attajiri ba ne? Tun 1984 aka kammala madatsar ruwan Goronyo a kan Gulbin Rima. Tun 1997 aka kafa hukumar NIWA domin kula da sufurin ruwa. Amma har yanzu mutumin ƙauye, ko a Rima ko a Gulbin Sakkwato da ya ratsa ta Rabah, da zarar ruwa ya kawo ya shafe hanya, sai dai ya shiga jirgin katako yana addu'a.

Laifin mahukunta a fili yake, amma jiran su shi ne jiran gawon shanu. Abin da waɗancan kamfanoni suke yi wa attajirai don kuɗi, samari za su iya yin irinsa a mashigin garinsu. Na farko gyara: wasu su zauna wurin masassaƙa da masu gyaran inji su koyi toshe ɓaraka da sauya katakon da ya ruɓe. Na biyu dillanci na amana: kada a bari a sayar wa mai fito jirgin da ya gama yayi a wani gari. Na uku tsarin haya: a haɗa kai da Sarkin Ruwa a rubuta adadin da kowane jirgi zai ɗauka, a tsaya a bakin ruwa ranar kasuwa ana ƙirgawa, a yi karo-karo a sayi rigunan kariya.

Mai fito ba abokin gaba ba ne. Talaka ne da tsadar mai ke tura shi ya cusa mutum 50 a sahu ɗaya maimakon ya yi sahu biyu. A ƙara masa kuɗin fito ya fi a yi kwana uku ana laluben gawa.

Saurayin da ya ga jirgi ya cika, ya ƙi shiga, ya kuma hana tsohuwa shiga, ya yi aikin da jawabin jaje dubu bai yi ba.