Filin Manoma: Doka Kaɗai Ba Za Ta Raba Yara Da Gonar Koko Ba

Ƙasashen Ghana da Kwaddibuwa su ne ke noma fiye da rabin kokon duniya, amma fa akwai abin baƙin ciki a gindin wannan arziki. Binciken da masana na Jami'ar Chicago suka fitar a 2020 ya nuna yara wajen miliyan ɗaya da rabi suna aikin wahala a gonakin koko na ƙasashen nan biyu. Su ne sassabe da adda, su ne dakon buhu, har da feshin maganin ƙwari.

Babu mai hankalin da zai ce wannan daidai ne. Tun 2001 manyan kamfanonin cakulan suka sa hannu a yarjejeniyar Harkin da Engel, suka yi alkawarin kawar da mafi munin aikin nan. An sha ɗaga wa'adi, alkawari bai cika ba.

To, mene ne dalili? Galibin yaran nan a gonar iyayensu suke aiki. Manomin da kuɗin kokonsa bai isa biyan ɗan ƙwadago ba, lalle ɗansa zai kira. In an hana shi, ba a kuwa ƙara masa farashi ba, sai amfani ya lalace, gida ya kwana da yunwa.

An ga irin wannan a Bangaladesh. A 1993, da aka ji Amurka na shirin daina sayen kayan da yara suka yi, masana'antun ɗinki suka sallami yara wajen 50,000. Da yawa ba makaranta suka nufa ba, sai fasa dutse da yawon titi.

Saboda haka a rarrabe. Mai safarar yara zuwa gonar wani, a kama shi a hukunta shi ba wata-wata. Feshi da ɗaukar kaya mai nauyi kuma a hana nan take. Sauran aikin kuwa, doka ta zo tare da abin tsare ciki. A 2019 ƙasashen biyu suka ƙara dala 400 a kan kowane tan don manomi. Hanya ce mai kyau, in dai kuɗin ya kai hannunsa. A gina makaranta kusa, a ba yara abincin rana.

Wanda ya ƙwace wa talaka abin dogaro, wajibi ne ya miƙa masa wanda ya fi shi. In ba haka ba, talaka zai ce da babu gara ba daɗi, ya koma aikin a ɓoye.