Dabinonmu da Rainon Tsiro a Kwalba

Duk watan azumi kasuwanninmu kan cika da dabino, amma mafi yawansa daga ƙasashen waje ake shigo da shi, alhali kuwa ga itacen nan yana bunƙasa a ƙasar Dutse tun kaka da kakanni. Mu a ganinmu babban abin da ya daƙile noman nan shi ne rashin irin shuka abin dogara.

Dabino yana da namiji da mace. Manomin da ya shuka ƙwallo, kusan rabin abin da ya fito masa maza ne, ba ya kuma ganewa sai bayan shekaru yana ban ruwa, lokacin da suka yi fure. Macen ma ba lalle ne ta gaji uwarta wajen zaƙi ba. Tohon da ke fitowa a gindin uwa shi ne ke gadonta sak, to amma kaɗan take bayarwa a tsawon rayuwarta.

Maganin wannan shi ne rainon tsiro a kwalba, dabarar da Haberlandt ɗan ƙasar Ostiriya ya fara hangowa a 1902. Akan yanko ɗan ƙanƙanin sashe daga zuciyar toho, a tsabtace shi, a sa shi cikin abincin da aka haɗa da sukari da sinadarai, har ya hayayyafa ya zama ɗaruruwan tsirrai, dukkansu mata. Da wannan hanya Maroko ta yi ta sake dashe bayan cutar Bayud ta kashe mata miliyoyin itatuwa.

Sai dai a yi hattara. Idan muka tsaya ga sayo tsirran waje iri ɗaya tak, cuta guda ta isa ta share gonakinmu, su kuwa irin namu da suka saba da ƙasarmu su ɓace. Wajibi ne a bi ƙauye ƙauye a zaɓo mafi kyawun itatuwanmu, su za a raina.

Muna kira ga jami'o'inmu su haɗa kai da reshen Cibiyar NIFOR da ke Dutse, a horar da ɗalibai wannan aiki, gwamnati kuma ta sassauta farashin tsirran yadda ƙaramin manomi zai iya saye. Wanda ya dasa dabino, jikokinsa ma za su ci, saboda haka bai kamata mu bar shi yana dashe a kan sa'a ba.