Waƙar Wa Ce? Rikicin Suna Da Kaso A Ƙungiyoyin Kiɗan Rok

Duk wanda ya taɓa riƙe faifai ko kaset na mawaƙan Turawa ya san akwai wani ɗan ƙaramin rubutu da ake yi a ƙarƙashin sunan kowace waƙa, wanda galibinmu ba ma damuwa da karanta shi. Sunayen waɗanda suka ƙirƙiri waƙar ke nan. Rubutun bai cika rabin layi ba, amma a kansa aminai suka rabu, ƙungiyoyi suka watse, aka kuma yi shekaru ana kai gwauro ana kai mari a kotunan Landan. A matsayina na ɗalibin harshe, na daɗe ina ganin cewa rikicin ma'anar kalma ne kafin ya zama rikicin kuɗi: me ake nufi idan aka ce wane ya yi waƙa?

Bari mu fara da yadda kuɗin ke shigowa, domin mai karatu ya gane inda gizo ke saƙar. A dokar haƙƙin mallaka ta Ingila da Amurka, waƙa ɗaya tana da haƙƙi biyu. Akwai haƙƙin ita waƙar kanta, wato kalmominta da karin muryarta, akwai kuma haƙƙin sautin da aka naɗa a faifai. Mai ganga da mai jita suna da kaso a na biyun. Na farkon kuwa na wanda aka rubuta sunansa ne shi kaɗai, kuma shi ne mai tsoka, domin duk lokacin da wani mawaƙi ya sake rera waƙar, ko aka sa ta a rediyo ko a fim, sai an biya shi. A Ingila wannan haƙƙi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Saboda haka samari huɗu za su iya tasowa tare, su kwana a mota ɗaya, su ci kwano ɗaya, bayan shekara 20 a iske ɗaya yana da gidaje, sauran ukun suna fama da bashi.

Misalin da ya fi shahara shi ne na ƙungiyar Beatles. Tun suna samari John Lennon da Paul McCartney suka yi alkawari cewa duk waƙar da ɗayansu ya yi wa ƙungiyar, sunan su biyun za a sa. A kundinsu na farko na 1963 sunan McCartney ne a gaba, daga baya aka juya, aka zauna a kan Lennon da McCartney. To, ita wannan kalma “da” mahaɗi ce kawai, ba ma'auni ba ce. Tana haɗa suna da suna, ba ta faɗin wanda ya ɗauki kaya mai nauyi. Waƙar “Yesterday” ta 1965 McCartney ne ya yi ta shi kaɗai, kuma babu wani ɗan ƙungiyar da ya sa hannu ko murya a naɗinta in ban da shi, amma har yau sunan Lennon ne a gaba. Abin ya ci masa rai har a 2002, shekara 22 bayan an kashe Lennon, ya fitar da wani kundi inda ya sa sunansa a gaba a waƙoƙi 19, matar marigayin, Yoko Ono, ta nuna rashin amincewarta a fili. Na ji wasu na cewa wannan ƙanƙantar rai ce ga mutumin da ya riga ya tara dukiya. Ni ban ga haka ba. Mutum yakan haƙura da kuɗi, amma da wuya ya haƙura a jingina wa wani abin da ya san daga kansa ya fito. Sai dai kuma adalci ya sa a tuna cewa shi ma ya ci moriyar wannan alkawari, domin a 1969 an sa sunansa a waƙar “Give Peace a Chance” wadda ba shi da hannu a cikinta.

Wanda ya fi cutuwa a wannan tsari George Harrison ne, wanda akan ba shi gurbin waƙa ɗaya ko biyu a kowane faifai. Da aka sayar da hannun jarin kamfanin Northern Songs a 1965, Lennon da McCartney kowanne yana da kashi 15 cikin 100, shi kuwa da Ringo Starr kowanne bai kai kashi 1 ba. Ƙungiyar na watsewa a 1970 ya fitar da kundi mai faifai uku, wanda ya nuna yawan waƙoƙin da ya tara a aljihu.

Amma shari'ar da ta fi jan hankalina ita ce ta ƙungiyar Procol Harum. A 1967 suka fitar da “A Whiter Shade of Pale”, aka rubuta Gary Brooker a matsayin mai kari, Keith Reid a matsayin mai kalmomi. Duk wanda ya san waƙar, da zarar an ambace ta abin da zai fara zuwa kunnensa shi ne kiɗan ogan da ke buɗe ta, kuma Matthew Fisher ne ya kaɗa shi. Sai a 2005, bayan shekara 38, ya kai ƙara. A Disambar 2006 babbar kotu ta ba shi kashi 40 cikin 100 na haƙƙin kiɗan. A 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta yarda cewa yana da hannu a ƙirƙirar, amma ta ce ya makara, ba zai karɓi kuɗi ba. A Yulin 2009 alƙalan majalisar dattawan Birtaniya, waɗanda a lokacin su ne kotun ƙoli, suka mayar masa da kasonsa. Shekara 10 kafin wannan hukunci, a 1999, mutum uku na ƙungiyar Spandau Ballet sun kai Gary Kemp ƙara suna neman kaso, kotu ta kore su, har da Steve Norman mai busa, wanda busarsa a waƙar “True” kowa ya san ta. Ƙasa ɗaya, doka ɗaya, mai ogan ya ci, mai busa ya faɗi.

A nawa ra'ayin, alƙalan Fisher ne suka fi kusa da gaskiya. Tunanin cewa waƙa kalmomi ce da kari kawai, sauran duk ado ne, gado ne daga zamanin da ake sayar da waƙa a rubuce a takarda, mutum ya saya ya kai gida ya kaɗa a fiyano. Kiɗan rok ba a takarda ake haihuwarsa ba. A ɗakin gwaji ake yin sa, wannan ya kawo guntun kari, wancan ya sa masa ganga, na uku ya ce a sauya nan, har abin ya tashi. Mu a nazarin harshe mun san cewa karin sauti ba kwalliya ba ne, domin a Hausa shi ne ke raba kalmomi biyu masu baƙaƙe da wasula iri ɗaya. Idan aka cire wani yanki daga waƙa masu saurare suka kasa gane ta, to wannan yanki jikin waƙar ne, mai shi kuma ya cancanci suna.

Duk da haka ba zan ce rabon daidai wa daida shi ne maganin kowace cuta ba. Gaskiya ne ƙungiyar R.E.M. ta Amurka ta riƙa sa sunayen dukkan 'ya'yanta a waƙoƙinta, ta zauna daga 1980 zuwa 2011, ta kuma rabu ba tare da an ji kansu a kotu ba. Queen ma, bayan shekaru na gunaguni, ta koma sa sunan ƙungiya a kundinta na 1989. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka jawo gunagunin har da ban dariya: a 1975 an sa waƙar mai gangarsu Roger Taylor a bayan faifan “Bohemian Rhapsody”, sai ya zama duk faifan da aka saya, kasonsa na marubuci daidai yake da na Freddie Mercury. Amma rabon daidai yana da nasa zaluncin, domin akwai wanda ke hana idonsa barci yana tufka baiti, akwai kuma wanda ke zuwa da hantsi ya tarar an gama. 'Yan uwana malaman jami'a sun san wannan ciwo sarai, tun da mun sha ganin maƙala mai sunaye biyar alhali mutum ɗaya ne ya yi gumin. Abin da R.E.M. ta yi daidai shi ne ta yanke maganar tun ba a san ta ba, lokacin da babu abin da za a raba sai fata.

Inda aka bar maganar sai da kuɗi suka zo, ƙarshen bai yi daɗi ba. A ƙungiyar The Band, Robbie Robertson ne aka rubuta a mafi yawan waƙoƙinsu, ciki har da “The Weight” ta 1968. A littafinsa na 1993, mai gangarsu Levon Helm ya ce tare aka gina waƙoƙin, Robertson kuwa ya tsaya kai da fata cewa shi ya rubuta su. Helm ya kamu da ciwon daji na maƙogwaro, bashi ya taso shi, har ya koma yin wasa a harabar gidansa domin ya biya kuɗin magani. Sai da yana kan gadon mutuwa a 2012 Robertson ya je asibiti ya zauna kusa da shi.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsalar Turawa ce kawai. Mukan ce waƙar Narambaɗa, waƙar Ɗanƙwairo, waƙar Shata, kamar su kaɗai suka tsaya a fage. Masu nazarin waƙar baka sun nuna cewa a kiɗan fada 'yan amshi ba maimaita gindin waƙa kaɗai suke yi ba, sukan karɓi ɗan waƙa daga bakin jagora su ƙarasa shi, su yi masa ƙari. Shi kansa Musa Ɗanƙwairo ya yi shekaru yana amshi a bayan yayansa Abdu Kurna kafin ya kafa tasa ƙungiya. Mun san sunansa ne domin daga baya ya zama jagora. Waɗanda suka tsufa a sahun amshi, da masu kalangun da suka raka Shata har rasuwarsa a 1999, mutum nawa ne a cikinmu zai iya kiran sunan uku daga cikinsu?