Kafin a haɗa kuɗin sabuwar kwamfuta

Kwamfutar da muke ajiye rajistar mambobi, lissafin kuɗin taimakon juna da hotunan takardun rumfuna ta fara daskarewa, wani lokaci ta mutu ta tashi da kanta. Wasu na cewa a sayo sabuwa. Mu dai muna ganin a dakata tukuna.

Sau da yawa laifin ba na Windows ba ne. Idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu, fayil yakan lalace, kuma sabuwar ma haka za ta sha. Don haka a fara sayo UPS. Sannan mai gyara ya buɗe Event Viewer ya ga abin da ke kashe ta, ya gwada RAM da had-dis, ya kaɗe ƙurar fanka. In Windows 10 ce, a tuna Microsoft ta daina ba ta gyaran tsaro na yau da kullum tun Oktoban 2025.

Mafi muhimmanci, a riƙa kwafe komai duk mako a ajiye wani gida daban. Wutar kasuwar Shasha ta Fabrairun 2021 ta nuna mana cewa ajiya a wuri ɗaya ganganci ce. Allah ya kiyaye gaba.