Jif Ta Wuce, Akori-kura Fa?

A Asabar ɗin ƙarshe ta watan Yuli, mu tara, ɗalibai shida da ƙananan ma'aikata uku waɗanda ba su daɗe da barin jami'a ba, muka yanke shawarar mu ajiye littafi da fayil mu tafi shan iskar karkara. Muka sami aron motoci biyu irin waɗanda ake kira jif, watau masu iya juya ƙafafunsu huɗu gaba ɗaya idan hanya ta yi tsanani. Muka bar Funtuwa da hantsi, muka bi kwalta har Bakori, sa'an nan muka saki titi muka faɗa hanyoyin burji da ke ratsa ƙasar da ke tsakanin Bakori da Ɗanja da Ƙafur, da nufin mu kwana gidan kawun ɗayanmu, mu ɓulla Malumfashi ran Lahadi. Manya sun gargaɗe mu kada mu kuskura mu nufi yamma wajen Faskari ko Sabuwa, kada kuma la'asar ta same mu a daji. Muka amsa da to.

Ba za mu ɓoye ba, mun ji daɗi ƙwarai. Ƙasa ta yi kore shar, masara ta kai ƙirji, ga dawa da auduga da waken suya iyakar ganin ido, ga duwatsu baƙaƙe sun yi tsaye tsakiyar gonaki. Duk inda muka tarar da kwazazzabo ko hawa mai santsi sai mu yi sowa, direba ya sa babbar giya, mota ta yi gurnani ta haye, mu kuwa muna ɗaukar hoto da waya. Hanyar da ta fi muni ita ta fi ba mu nishaɗi. Wannan magana ta ƙarshe ita ce dalilin rubutun nan, domin tun da muka dawo take damunmu.

Wajen azahar muka iso wani rafi inda ruwa ya cinye kwalbati, ya bar bututun siminti a kwance gefe guda. Motar farko ta haye, ta biyu ta kafe har ciki, ƙafafun nan huɗu da muke taƙama da su suna ta juyawa a banza suna watsa taɓo. Kafin mu ankara, mutane kamar goma sha biyar sun ajiye fartanya sun fito daga gonaki. Suka saro rassa, suka jido duwatsu, suka sa kafaɗa, cikin rabin sa'a mota ta fita. Muka miƙa musu kuɗi suka ƙi karɓa. Sai wani dattijo ya matso, ya dube mu, ya dubi motocin, ya ce, "Sannunku da zuwa, samari. Ku ne masu awon hanyar?"

Muka ce, "A'a, Baba, yawo muka fito."

Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "To, madalla. Allah Ya kiyaye hanya." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. A ƙetaren rafin kuwa ga buhunan takin zamani an jibge ƙarƙashin wata ɗorawa, akori-kurar da ta kawo su ta sauke ta juya tun jiya, ana jiran masu babur su riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya, kowane buhu da ladansa, alhali kuwa masara ba ta jiran kowa idan lokacin taki na biyu ya yi.

Abin da muke so mu faɗa wa 'yan'uwanmu ɗalibai da ma'aikata shi ne, jif ta zama labule tsakanin ɗan boko da hanyar ƙauyensu. Muddin shugaba da darakta da ɗan majalisa da jami'in shirin raya karkara kowa yana da motar da za ta haye rafi ko da kwalbati ko babu, to, babu wanda zai ji lalacewar hanya a jikinsa cikin masu ikon sa hannu a takardar gyara ta. Mai jif ya je, ya gani, ya dawo, ya rubuta cewa hanya tana biyuwa. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar motarsa. Manomi ba jif ke kai masa taki ba, ba ita ke fitar masa da hatsi ba, ba ita ke kai matarsa asibiti ba ranar da naƙuda ta zo da gardama. Motarsa ita ce tsohuwar akori-kura, da babur, da amalanken shanu, kuma da su ya kamata a auna hanya.

Abin mamaki, irin wannan mota ta taɓa zama ta manoma. Land Rover ta farko, wadda aka fitar a Ingila a 1948, an ƙera ta ne domin aikin gona, ta ja kaya ta shiga laka. Daga baya ne ta zama abin wasa a ƙasashen da suka ƙoshi. A Ostareliya, alal misali, abokai kan haɗa motoci a ƙarshen mako su nufi tsaunuka da dazuzzuka neman hanya mai wuya da gangan. Amma su can kwalta ce ta kai su bakin dajin, ita ce kuma za ta mai da su gida, kuma babu amfanin gonar kowa da ke jiran wannan turba. Har wa yau, a jihar Biktoriya hukuma kan rufe da yawa daga cikin turbobin tsaunuka a watannin sanyi da danshi, domin an san mota mai nauyi tana ɓata jiƙaƙƙiyar hanya. Mu kuwa mun kwaikwayi wasan, mun bar ƙa'idar. Ramin da motarmu ta haƙa a bakin rafin nan yana can, kuma mai babur ɗauke da buhu shi zai faɗa ciki.

Kada wani ya ce ƙasar nan ba ta cancanci hanya ba, ko kuwa ba a taɓa sanin darajarta ba. Turawan mulki sun sani. Saboda auduga da gyaɗa suka shimfiɗa layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, aka kuma kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Sai dai hanyarsu ta fitar da kaya ce zuwa bakin teku, ba ta haɗa ƙauye da ƙauye ba. A 1975 aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya game gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, ya gina hanyoyin burji da ƙananan madatsun ruwa da cibiyoyin sayar wa manoma taki da iri. Masana sun yi ta muhawara a kan wanda ya fi cin moriyarsa, babban manomi ko ƙarami, amma ba a musun cewa a zamaninsa mota ta shiga inda ba ta taɓa shiga ba. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar DFRRI domin abinci da hanyoyi da kayan more rayuwar karkara. A 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina daga Jihar Kaduna. A 2020 Bankin Duniya ya amince da wani shirin, RAAMP, na hanyoyin karkara da kasuwancin amfanin gona, Katsina na cikin jihohin da suka shiga. A 2024 aka ƙaddamar da tashar sauke kaya ta kan tudu a Funtuwa.

Ashe ke nan ba shiri muka rasa ba. Abin da muka rasa shi ne riƙo. Hanyar burji ba ta mutuwa rana ɗaya, kuma abokin gabanta guda ne, watau ruwa. Idan an gina ta daidai, tsakiyarta kan ɗan yi tudu domin ruwan sama ya gangare gefe, lambatu ya kwashe shi, kwalbati ya ƙetarar da shi ta ƙarƙashi. Da zarar yashi da ciyawa sun toshe lambatu, sai ruwa ya koma bin sawun taya. Sawu ya zama kwari, kwari ya zama kwazazzabo, ruwa ya zagaye kwalbatin da ya toshe ya kwashe ƙasar da ke riƙe da shi. Abin da mutum huɗu da shebur za su hana cikin yini guda a watan Mayu, shi ne zai buƙaci ɗan kwangila da katafila bayan damina uku. Amma yashe lambatu ba ya da bikin buɗewa, ba a yanka kyalle, ba a kafa allo da sunan kowa. Saboda haka muka zama mutanen da suka iya ginawa, ba su iya riƙewa ba.

Wa ke biyan kuɗin wannan sakaci? Manomi ne, kuma sau biyu yake biya. Da damina ya sayi taki da tsada saboda kuɗin dako. Da kaka kuma, idan babbar mota ba ta iya isa ƙauyensu, dillalin da ya daure ya shigo shi ke yanka farashi, domin ya san mai hatsi ba shi da zaɓi. Bambancin kuɗin buhun masara a bakin gona da kuɗinsa a kasuwar Ɗandume ko ta Bakori, kaso mai yawa na hanya ne. Mai tumatir a fadamun Ɗanja ya fi kowa sanin haka, tun da kayansa ba sa kwana. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, kowane zagaye da direba zai yi domin kauce wa karyayyar gada sai ya fito a aljihun talaka. Mu ma da ke birni muna biya a kwanon tuwo, sai dai ba mu san sunan harajin ba.

Mun san za a ce mana matsalar tsaro ta sha gaban komai, wa zai kai gireda inda ake sace mutane? Wannan magana tana da nauyi, ba ma raina ta. Ba mu manta da ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe a watan Disamban 2020 ba, ba mu kuma manta da masallatan Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi da aka kashe a watan Agustan 2025 ba. Wasu ma kan ce gyara hanya sauƙaƙa wa ɓarayi ne. Amma a duba da kyau. Ɗan bindiga a kan babur yake, turbar shanu ta ishe shi. Wanda ke buƙatar gada da kwalbati shi ne motar jami'an tsaro da aka kira cikin dare, da motar da za ta ɗauki wanda aka harba. Mummunar hanya ba ta taɓa tsare ɓarawo ba, mai kawo ɗauki take tsarewa. Kuma akwai ƙauyuka da yawa da ma'aikaci zai iya zuwa da rana tsaka lafiya lau, amma kwalbatinsu na kwance shekara da shekaru.

Za a kuma ce, to, laifi ne saurayi ya fita yawo da abokansa? Ko kaɗan. Mun fi son ɗalibi ya san Ƙafur da Tsiga da Dabai da idonsa bisa ga ya san su a taswira. A 1976, zamanin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo, an tura ɗaliban manyan makarantu karkara a dogon hutu, kuma ko mene ne aibin shirin, waɗanda suka je sun ga abin da ba a koyarwa a aji. Laifin shi ne mutum ya je ya dawo da hotuna kaɗai.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Na farko, ga ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomin wannan yanki: a hutun damina kowace ta zaga mazaɓunta, ta rubuta kowane kwalbati da ya karye da kowane mashigi da ke yanke gari, da hoto da kwanan wata da sunayen ƙauyukan da abin ya shafa, ta miƙa wa majalisar ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha a rubuce, ta ajiye kwafe, badi ta koma ta duba. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa gini da kula da irin waɗannan hanyoyi cikin ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Wanda aka ce a ba kuɗi, dole ya amsa tambaya.

Na biyu, ga 'yan'uwanmu da suka riga mu shiga ofis: ranar da aka ce ku tsara kasafi, ku sa layin kula da hanya kusa da layin gina ta, ku kuma kare shi idan an zo yanka. Ranar da aka aike ku duba aiki, ku ajiye motar ofis a bakin kwalta, ku hau akori-kurar 'yan kasuwa, a watan Agusta, ba a watan Janairu ba. Abin da ya same ta shi za ku rubuta. Mutanen karkara ba su daina aikin gayya ba, mun gani da idonmu a bakin rafi. Abin da ya fi ƙarfinsu shi ne siminti da rodi da injiniya, kuma nan ne hukuma ta kamata ta tarye su.

Mun isa Malumfashi ran Lahadi da azahar, muka kai motoci wajen wanki, cikin sa'a guda babu sauran alamar taɓo a jikinsu. Tambayar dattijon nan ce ba ta wanku ba. Ya ga 'yan boko cikin manyan motoci, ya zaci aikin da aka yi mana ilimi dominsa ne ya kawo mu. Da kuɗin audugarsa da harajin iyayensa aka gina makarantun da muke alfahari da su. Nan da shekara biyar ko goma waɗansunmu ne za su riƙe fayil ɗin hanyarsa. Allah Ya sa ranar da muka koma aka sake tambayarmu, mu iya cewa, "I, Baba, mu ne."