Arlit na buƙatar masana zamantakewa, ana barin su kan benci a Yamai

Ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin COMINAK ya rufe ramin uraniyom na Akokan bayan shekara 43 ana haƙa. Ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan masu ƙodago a ƙananan kamfanonin kwangila. Injiniyoyi sun san nauyin dattin ma'adinin da aka jibge a bayan gari, wajen ton miliyan 20. To, wane ofishin gwamnati ne ke riƙe da lissafin 'yan kasuwar da jarinsu ya karye, da masu lambu, da magidantan da suka kwashe iyali suka koma kudu?

Irin wannan aiki shi ake koya wa ɗalibin ilimin zamantakewa, wato sosiyoloji, a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai: ya zauna da mutane, ya gano yadda kuɗi da mulki da zumunci ke gudana a tsakaninsu, ya hango abin da zai biyo baya in aka cire ginshiƙi ɗaya. Amma bayan ya sha wahalar digiri na biyu, wani ma har dokta, me ke jiransa? Hidimar ƙasa, sai koyarwar kwantiragi, sai in an yi sa'a wani furoje na ƙetare ya ɗauke shi wata uku yana cika takardun tambayoyin da aka tsara a Turai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai biyan kuɗin bincike shi ke zaɓen tambaya, kuma shi ke ajiye amsa a aljihun teburinsa.

Masu cewa wannan karatu ba ya ciyar da ƙasa su dubi cibiyar LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001. Bincikenta kan cin hanci a ma'aikatu da wulaƙancin da majinyata ke sha a asibitoci ana karanta shi har jami'o'in Faransa. Su kuma tuna cewa lokacin da aka gano ana sayar da ƙarafa masu gubar uraniyom a kasuwar Arlit a 2003, ƙungiyar Aghir in Man ta Almustafa Alhasan ce ta gayyato masu awo na CRIIRAD daga Faransa. Na'ura ta nuna gubar. Dalilin da ya sa talaka ke sayen ƙarfen ya yi rufin ɗaki ko tukunya, da hanyar da za a bi a raba shi da shi, wannan sai wanda ya san jama'a.

Da can ana fakewa da Areva, daga baya Orano. A watan Yuni 2025 gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa, uzurin ya ƙare. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shiga. Daga ciki a ɗauki masana zamantakewa aiki na dindindin a ofisoshin magadan garin Arlit, Cirozerin da Ingal, a ɗora wa Jami'ar Agadas, wadda aka kafa a 2014, nauyin bin diddigin rayuwar garuruwan ma'adinai, a riƙa buga sakamakon kowa ya karanta. Ramin SOMAIR ma wata rana zai ƙare, kuma ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa a Arlit yana da haƙƙin a gaya masa tun da wuri.